Man da muke cusa wa yara a hanci

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, duk malamin da ke koyarwa a Ibohamane ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san yadda aji yake komawa. Iskar hunturu tana gangarowa daga duwatsun Adar da ƙura a bakinta, ajin zana ba ya tare komai, na siminti ma sau da yawa tagoginsa a wangale suke. Kafin a yi mako biyu yara sun fara jan majina, leɓe ya tsage, hanci ya bushe ya yi ɓawo. Yaro ya sa farce ya ɓantare ɓawon, jini ya ɗan fito, gobe wani ya hau, ya sake ɓantarewa. A cikinsu akwai waɗanda abin zai wuce bushewa: ƙofar hanci ta yi ja, ta kumbura, ta riƙa tsatsar da wani ruwa mai launin zuma yana daskarewa har kan leɓen sama. A kan waɗannan yaran nake son mu yi magana, da kuma man da muke shafa musu.

Ra'ayina shi ne man kashe ƙwayoyin cuta na hanci magani ne na gaske kuma yana aiki, amma da yawa daga cikin yaran da ke buƙatarsa ba sa kaiwa gare shi, su kuma waɗanda ba sa buƙata muna cusa musu wani abu daban da sunansa. Laifin a rabe yake tsakanin iyaye, malamai, mai tallar magani da hukuma, sai dai ba daidai aka raba shi ba. Zan zo kan wannan.

Mu fara da mai ɓarnar. Akwai wata ƙwayar bakteriya da likitoci ke kira Staphylococcus aureus, mu ce mata stafilokok don sauƙi. Kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita a ƙofar hancinsa, daidai inda gashi yake fitowa, kuma lafiyarsa lau, bai ma san da ita ba. Muddin fatar wurin a rufe take, zaman lafiya suke yi. Ranar da bushewa ta tsaga fatar, ko farce ya ƙarce ta, ko mura ta sa aka yi ta goge hanci da gefen riga har ya saɓule, ranar ce take samun ƙofa. Daga nan sai ƙuraje da ɓawon zuma, wani lokaci da taimakon ƴar'uwarta streptokok, ko kuma maruru ya fito a cikin hancin. Hannun da ya taɓa hancin shi ne zai ɗauki alli, ya shiga ƙwaryar fura, ya riƙe hannun ƙani a hanyar gida. Shi ya sa ba kasafai ake ganin yaro ɗaya tak da shi a gida ko a benci ba.

Ga irin wannan ciwon, idan bai yaɗu ba, man shafawa ya isa. Mafi shahara shi ne mupirocin, wanda ya fara shiga kasuwa a Ingila a 1985, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Akwai kuma fusidic acid, wanda masu shiga farmasi a Tawa ko Yamai suka fi sani da Fucidine. Littafin aikin likitocin MSF, waɗanda mutanen Madawa suka sani shekara da shekaru, ya ce idan ƙurajen ba su wuce 5 ba kuma a wuri ɗaya suke, a wanke da ruwa da sabulu, a shafa mupirocin sau 3 a rana har kwana 7, a sake dubawa bayan kwana 3. Idan sun fi haka yawa, ko sun bazu, ko akwai zazzaɓi, an bar maganar shafawa, an koma maganin sha. Na cikin hanci kuma haɗinsa daban ne da na fata, ko da sunan ɗaya ne, domin man da ake kwaɓa na fata da shi yana iya yi wa tattausar fatar cikin hanci zafi. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna mana cewa zaɓen man aikin wanda ya karanta abin ne.

Yadda ake shafawa ba shi da wuya, amma ana yawan kuskure shi. A wanke hannu da sabulu. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a ɗora a kan ɓawon har ya yi laushi ya fita da kansa, domin man da aka laƙa a bisa ɓawo bai taɓa ƙwayar da ke ƙarƙashinsa ba. A ɗibi kamar kan ashana, a sa daga cikin ƙofar hanci kawai, ba a zurfafa ba, a matse hancin daga waje a murza a hankali, a sake wanke hannu. Shi ke nan. Wanda ya cika hancin yaro da mai har yana dalala bai ƙara masa lafiya ba, ya dai ƙarar da bututun kafin kwanakin su cika.

To, wannan shi ne abin da ke cikin littafi. Yanzu mu je kasuwa. Ranar kasuwa a Ibohamane ko Keita ko Buza, uwa ta tsaya gaban mai faranti ko mai tebur ta ce, "Hancin yaron nan ya ƙi warkewa." Ba zai ce mata ba shi da magani ba, don bai fito gida ya koma da kayansa ba. Abin da ya fi miƙawa shi ne man nan da ake ce wa uku-a-ɗaya, irin su Funbact-A da danginsa da ke shigowa ta iyakar Najeriya. Duba jikin kwalin: akwai maganin makero da ƙyasbi, akwai maganin bakteriya, sannan akwai betamethasone ko wani ɗan'uwansa. Wannan na ukun shi ne matsalar. Aikinsa kwantar da kumburi, kuma yana yin haka ne ta hanyar danne garkuwar jiki a wurin. A kwana biyu ja ya ragu, ƙaiƙayi ya tafi, uwa ta ce maganin nan da kyau. A ƙarƙashi kuwa an ɗaure wa mai gadi hannu an bar ɓarawo a ɗaki. Idan aka daɗe ana shafawa fatar tana sirancewa, ga fuskar yaro da ma ba kauri gare ta ba. Shi ne kuma man da wasu ke shafawa don su yi fari, wannan kaɗai ya kamata ya sa uwa ta ja da baya.

Wata kuma man ido za ta saya, ƙaramin bututun tetracycline, tunda an ce yana maganin komai. Wata ta fasa kafso ta barbaɗa garin a kan gyambon. Wata ta cusa man zafi mai ƙamshin kafur har cikin hanci, alhali masu yin sa da kansu sun rubuta a jiki cewa kada a sa shi a cikin hanci. Ƙara da cewa farantin nan ya wuni a rana, kuma yawancin waɗannan mayukan an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, a ƙasar da bazara ke haura 40. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe irin namu ko dai jabu ne ko bai kai ingancin da aka rubuta ba. Ko da na farantin na gaskiya ne ranar da ya bar masana'anta, wa ya san abin da ya rage a cikinsa?

Abin da ya fi damuna ma ba na kasuwa ba ne, na cikin gida da makaranta ne. Wani ya dawo daga ci-rani, daga Abijan ko Legas, da bututun mai na ƙwarai da aka rubuta masa can. Ya warke ya ajiye saura. Bututun nan sai ya zama na unguwa: yau gidan wa, gobe gidan ƙanwa, kowa ya shafa kwana biyu, da ya ga sauƙi ya miƙa gaba. Na taɓa gani a wata makaranta, ba zan faɗi sunanta ba, malami mai kyakkyawar niyya ya jera yara biyar yana lakuta musu mai daga bututu ɗaya da yatsa ɗaya. Tausayi ne ya sa shi, babu shakka. Amma yatsan nan ya kwashi abin da ke hancin na farko ya kai wa na biyar, ya kuma bar saura a bakin bututun don na gobe.

Shafa kwana biyu a bari yana da wata illa da ba a gani da ido. Ƙwayoyi masu rauni su ne ke fara mutuwa, masu taurin kai su rage, su hayayyafa, su gadar wa ƴaƴansu taurin kan. Kada mai karatu ya ɗauka tatsuniyar likitoci ce, an gwada an gani. A New Zealand, daga 1991 zuwa 2000, an bar mutane su sayi mupirocin ba tare da takardar likita ba. Kafin ƙarshen shekarun nan, fiye da kashi 1 cikin 4 na stafilokok ɗin da ake gwadawa sun daina jin sa. Hukuma ta maido da dokar takarda, sai aka karkata ga fusidic acid, shi ma rashin jinsa ya hau daga kashi 17 cikin 100 a 1999 zuwa 28 a 2013. Wannan ƙasa ce mai ɗakunan gwaji da kuɗin sauya magani. Mu idan namu ya daina aiki, da me za mu sauya? Babban binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. Mu ke nan.

Wani uba ya taɓa ce mini, tunda ƙwayar a hanci take zaune, me zai hana a shafa wa yara duka tun farkon hunturu a huta? Tambaya ce mai hankali, kuma akwai inda ake yin haka. A Holand, wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna cewa idan aka gano majinyaci yana ɗauke da stafilokok a hanci lokacin da aka kwantar da shi, aka shafa masa mupirocin kwana 5 tare da wanka da sabulun chlorhexidine, kamuwa da ita a asibiti tana raguwa da fiye da rabi. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin haka kafin tiyatar zuciya da ta ƙashi. Amma a lura da wanda ake yi wa: mutumin da za a yanka jikinsa cikin ƴan kwanaki, ana son a tsallake da shi wannan gaɓar kawai. Bayan makonni ko watanni ƙwayar tana dawowa hancin da yawa daga cikinsu. Yaro mai lafiya da ke zaune cikin ƴan'uwansa, ka kore ta yau, ta dawo daga hannun abokin bencinsa, abin da ka samu kawai shi ne ka koya mata maganin.

Sannan ba kowane ciwon hanci ne na mai ba, kuma a nan ne idon malami yake da daraja, domin shi ke kallon fuskokin nan kowace safiya. Mura bairos ke kawo ta, man bakteriya ba ruwansa da ita, ko da majina ta koma kore, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 takan wuce. Majina mai wari daga ƙofar hanci ɗaya kawai a ƙaramin yaro, a fara zargin ya cusa wani abu: ƙwayar wake, gyaɗa, dutsen ado, guntun katifa. Ba a zaƙulo shi da tsinke a gida. Idan kuwa ƙaramin batirin agogo ne, ba a kwana, domin yana cin naman hanci cikin sa'o'i.

Akwai wanda ya fi waɗannan ban tsoro. Mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano da kuma Matamaye a jihar Damagaram a 2023, yana da nau'in da ke tsayawa a hanci: majina mai haɗe da jini, ƙofar hanci da leɓen sama su saɓule, yaron kuma yana yawonsa kamar ba komai yana yaɗawa. Wanda bai sani ba zai ce ƙurajen hunturu ne ya shafa mai. Idan aka ga haka, musamman ga yaron da bai kammala allurar rigakafi ba ko akwai mai ciwon maƙogwaro a gidan, a kai shi a duba. Haka sanƙarau: ƙwayarsa a can bayan hanci da maƙogwaro take zama, kuma lokacinsa shi ne wannan lokaci na ƙura har zuwa bazara. Babu man da ke kaiwa can. Allura ce ke tare shi, tun daga MenAfriVac da Nijar ta fara a 2010.

Maruru a hanci ko a leɓen sama kuwa, ina roƙon iyaye da babbar murya, kada a matse. Na san hannu yana ƙaiƙayi idan aka ga ya nuna. Jijiyoyin jinin da ke kwashe jini daga wannan yanki na fuska suna da hanyar da ke haɗuwa da wata matattarar jini a cikin ƙoƙon kai, a bayan idanu. Matsawa tana iya tura ƙwayar ta wannan hanya. Ba kullum yake faruwa ba, amma idan ya faru ana iya rasa ido ko rai. A gasa shi da tsumma mai ɗumi, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Idan kumburi ya fara hawa kumatu ko fatar ido, ko zazzaɓi da ciwon kai suka shigo, a ranar za a tafi, ko da dare ne, ko da amalanke ce, kuma in majo ya ce a wuce asibitin Keita ko Tawa kada a tsaya shawara da dangi.

Yanzu mu dawo kan rabon laifi. Yana da sauƙi mai albashi ya zauna ya ce uwar ƙauye jahila ce. Ni ban yarda ba. Lissafi take yi, kuma lissafinta daidai ne a kan abin da ke gabanta. Tun 2006 Nijar ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, abu ne mai kyau duk da jinkirin biyan cibiyoyin da aka daɗe ana kuka da shi. Amma yaron da ke aji yana da shekara 7, ko 9, ko 12. Ya fita daga kyauta, ya kuma shiga shekarun da ƙurajen nan ke yawo daga benci zuwa benci. Don ciwon hanci, uwa za ta bar aikinta, ta yi tafiya zuwa CSI, ta biya kuɗin ganin ma'aikaci, wataƙila a ba ta takarda a ce ta nemo maganin a farmasi, farmasin kuma ba a ƙauyensu yake ba. Mai faranti kuwa yana ƙofar gida, yana ba da bashi, kuma ba ya yi mata tsawa. Muddin haka lissafin yake, wa'azinmu a banza ne. Kaso mafi girma na laifin yana kan tsarin da ya sa maganin gaskiya ya fi na bogi nisa.

Shi ya sa nake ganin wurin da za a kai maganar shi ne kwamitin kula da makaranta, CGDES, da ƙungiyar iyaye mata ta AME. Waɗannan suna da murya, suna kuma da ɗan asusu. Su zauna da majon CSI mafi kusa kafin sanyi ya kama, su tambaye shi kai tsaye: wane mai kake da shi na irin wannan ciwon, nawa ne, kuma za ka iya turo wani ya leƙa makaranta ko da sau ɗaya a wata a tsakanin Disamba da Maris? Duba fuskokin aji ɗaya ba ya cin rabin sa'a. Abin da ban goyi baya ba shi ne a sayo bututu a ajiye a ofishin darakta. Malami ya gani, ya ware, ya aika a kira uwa, ya rubuta ƴar takarda zuwa likita. Nan aikinsa ya tsaya, kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Sauran rigakafin ba ya buƙatar farmasi. Buta ko jarka mai huda da sabulu a ƙofar aji, in kuɗin asusu bai kai komai ba ya kai wannan. Duban farce ranar Litinin, wanda malamanmu na da suke yi da bulala a hannu, a dawo da shi a bar bulalar. Kowane yaro da tsummansa, kada a goge hancin yara uku da gefen zane ɗaya. Ga hancin da ya bushe, ruwan gishiri ya fi komai: gram 9 a lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a ɗiga safe da yamma, a sake haɗa sabo kullum. Ɗan man kaɗe ko bazalin a bakin hanci daga waje yana tausasa fata, amma ba ya kashe ƙwaya, kada a ɗauke shi magani idan ƙuraje sun riga sun fito. Idan haɓo ya zo, a zaunar da yaro ya sunkuya gaba, a matse tattausan hancin minti 10 ba tare da saki ana leƙawa ba. Ɗaga kai sama jinin kawai yake mayarwa ciki. Wanda haɓonsa ke yawan dawowa a kai shi a duba, domin a Glasgow an gwada wa irin waɗannan yara man hanci mai chlorhexidine da neomycin an ga ya taimaka, amma likita ne ya duba ya rubuta.

Yaron da aka fara wa maganin ƙurajen nan ya zauna gida kwana 2, bayan haka ya daina yaɗawa sosai, ya dawo ajinsa ya ƙarasa kwanakin maganin. Malam, kada a rubuta masa fashi, kada kuma a bari ƴan aji su laƙa masa suna. Iyaye kuma su ci gaba da sa ido har mako 3 bayan ƙurajen sun bushe, saboda streptokok takan bar baya da ƙura a ƙoda. Idan yaro ya tashi da safe fuska a kumbure, ko fitsarinsa ya ragu ya koma launin shayi, a koma CSI a gaya wa majo cewa ya yi ƙurajen hanci kwanan baya, a nemi a gwada fitsarin.